Jami'o'in da 'yan Chicano suka gina wa kansu a Amurka: abin da ya kamata ku sani

Idan aka tayar da zancen gwagwarmayar neman 'yanci a Amurka a shekarun 1960, baƙaƙen fata ne ke fara faɗo wa mutum a rai, su Martin Luther King da Malcolm X. Ba laifi, tasu ce ta fi amo a duniya. Amma a daidai wannan lokacin akwai wata al'umma a kudu maso yammacin ƙasar da ita ma ta miƙe tsaye, wato Amurkawa masu tushe daga Meksiko, waɗanda matasansu suka zaɓi a riƙa kiransu Chicano. An san su da yajin aikin leburorin gonakin inabi da zanga-zangar ɗalibai. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne, tsakanin 1969 da 1973 wasu daga cikinsu sun gaji da jiran jami'o'in ƙasar su buɗe musu ƙofa, suka je suka kafa nasu. A yau babu ko ɗaya daga cikin waɗannan makarantu da ke ba da digiri. Dalilin kafa su da dalilin mutuwarsu duka abin sani ne, musamman ga duk al'ummar da ke tunanin gina makaranta da ƙarfinta.

Su wane ne, kuma me ya kai su ga haka?

Tsakanin 1846 da 1848 Amurka ta yaƙi Meksiko ta ci ta. A yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, Meksiko ta sallama ƙasa mai faɗin gaske, wadda a yau ta ƙunshi Kalifoniya da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico da wani yanki na Colorado. Texas kuwa tun 1845 Amurka ta haɗe ta. Dubban mutanen da ke zaune a waɗannan wurare sun kwana a Meksiko sun tashi a Amurka, ba tare da sun ɗaga ƙafa daga gidajensu ba. An yi musu alkawarin zama cikakkun 'yan ƙasa da kare musu filayensu, amma da yawa sun rasa gonakin a kotuna da hannun masu ƙarfi. Daga baya wasu suka yi ta kwararowa daga Meksiko, wasu don gudun yaƙin juyin juya halin da ya ɓarke a 1910, wasu kuma a ƙarƙashin shirin Bracero, wanda ya riƙa kawo 'yan ƙwadago daga 1942 zuwa 1964. Da yawansu rayuwar ci-rani suke yi: iyali guda su bi amfanin gona daga Texas har arewa, su tsinki auduga a nan, su tsinki 'ya'yan itace a can, yara na shiga makaranta a makare suna fita tun zango bai ƙare ba.

A makarantar ma ba a yi musu maraba ba. A Texas da Kalifoniya an daɗe ana ware musu nasu makarantun, marasa kayan aiki. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da hukuncin da ya haramta wannan wariya a shari'ar Mendez da hukumar makarantun Westminster a Kalifoniya, shekara bakwai kafin sanannen hukuncin Brown na 1954 da ya soke wariyar baƙaƙe a makarantu. Sai dai hukuncin kotu bai canza halin malami a aji ba. Yaro ya yi magana da Sifaniyanci a harabar makaranta a hukunta shi, wani wurin har da bulala. Wanda ya yi makarantar kwana a zamanin da ake cin tarar mai yin "banakula" zai gane zafin abin, sai dai su nasu ya haɗa da raina launin fata da asali. Ana yi wa yara gwajin basira da Ingilishin da ba su riga sun iya ba, sai a tura su ajin masu raunin ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka kai sakandare kuma a karkatar da mazan zuwa kanikanci da kafinta, matan zuwa girki da ɗinki, ba a ko yi musu zancen jami'a. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta yi dogon bincike a kan wannan, ta fitar da rahotanni shida tsakanin 1971 da 1974. Ta gano cewa a jihohin kudu maso yamma, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗannan yara ba sa kammala sakandare.

Akwai kuma yaƙin Vietnam. A lokacin, saurayin da ke karatu a jami'a ana ɗage masa kiran shiga soja na dole. Wanda bai samu shiga ba, shi ake ɗauka. Don haka ga matashin Chicano, rashin gurbin karatu na iya zama hanyar zuwa filin daga.

A watan Maris 1968 abin ya fashe. Dubban ɗalibai a sakandarorin gabashin Los Angeles, irin su Lincoln da Roosevelt da Garfield da Wilson da Belmont, suka fice daga azuzuwa. Wani malami mai suna Sal Castro ya mara musu baya. Suna neman a koyar da su da harsuna biyu, a sa tarihinsu a manhaja, a ɗauki malamai daga cikin al'ummarsu, a daina dukansu, a kuma shirya su don shiga jami'a. An kama mutum 13, har da Castro, aka tuhume su da haɗa baki, daga baya kotu ta yi watsi da tuhumar. A Disamba 1969 irin wannan ta faru a Crystal City ta jihar Texas, inda José Ángel Gutiérrez da abokansa suka mai da boren ɗalibai ya zama jam'iyyar siyasa, La Raza Unida, a 1970.

Hanya biyu

Daga nan tunanin 'yan gwagwarmayar ya rabu biyu, kodayake ba gaba suke yi da juna ba. Kashi na farko suka ce jami'o'in gwamnati da harajin iyayenmu aka gina su, don haka mu shiga mu canza su daga ciki. Waɗannan ne suka taru a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a watan Afrilu 1969, suka rubuta kundin da ake kira El Plan de Santa Bárbara, wanda ya tsara yadda za a kafa sassan nazarin tarihi da al'adun Chicano a jami'o'i, da yadda za a ƙara yawan ɗalibai da malamai. A wannan taro ne ƙungiyoyin ɗalibai suka dunƙule suka zama MEChA. Tun 1968 ma an riga an buɗe sashe na farko irin wannan a kwalejin jiha da ke Los Angeles.

Kashi na biyu suka ce wannan bai isa ba. Sashe ɗaya a cikin babbar jami'a, shugaban da ba naku ba ne ke ba shi kuɗi, shi ke naɗa malamai, ranar da ya ga dama ya rufe. Wata guda kafin taron Santa Barbara, a Maris 1969, Rodolfo "Corky" Gonzales, tsohon ɗan dambe kuma jagoran ƙungiyar Crusade for Justice, ya tara matasa a Denver, inda aka fitar da El Plan Espiritual de Aztlán, kundin da ya dage a kan cewa al'umma ita za ta riƙe makarantunta da tattalin arzikinta. Gonzales bai tsaya a takarda ba. A 1970 ya buɗe makarantar Escuela Tlatelolco a Denver, da sunan dandalin birnin Meksiko inda sojoji suka kashe ɗalibai a Oktoba 1968. Wasu suka ɗauki wannan tunani suka kai shi matakin jami'a.

Texas: Jacinto Treviño da Juárez-Lincoln

Kwaleji ta farko ta fito ne daga taron da ƙungiyar matasa ta MAYO ta yi a garin Mission, a kwarin Rio Grande, a ƙarshen 1969. Aka kafa Colegio Jacinto Treviño a garin Mercedes, dab da iyakar Meksiko, yankin da ke cikin mafi talauci a Amurka. Sunan da suka zaɓa kaɗai ya isa ya nuna inda suka dosa. Jacinto Treviño wani mutum ne na farkon ƙarni na 20 da mawaƙan kan iyaka suke yabo saboda ya ja da 'yan sandan Texas Rangers, rundunar da Turawan jihar ke alfahari da ita, su kuwa 'yan asalin Meksiko suke tuna ta da kisan danginsu. Manufar makarantar ita ce yaye malamai masu harshe biyu da za su koma su koyar a ƙauyukansu. Cikin waɗanda suka taimaka wajen kafa ta akwai Martha Cotera, wadda daga baya ta yi suna a rubuce-rubuce kan tarihin matan Chicano.

Amma sabuwar makaranta ba ta da ikon ba da digirin da za a karɓa a ko'ina. Sai suka jingina da kwalejin Antioch da ke Yellow Springs a jihar Ohio, tsohuwar makaranta mai sassaucin ra'ayi wadda a wancan zamanin take buɗe cibiyoyi a sassan ƙasar don kai ilimi ga waɗanda aka bari a baya. Karatu a Mercedes, takardar digiri daga Antioch. Dabara ce mai kyau ta farawa, amma ku riƙe ta a rai, za mu dawo kanta.

Ba a je ko'ina ba saɓani ya shiga tsakanin shugabannin kan alƙiblar makarantar da wanda zai riƙe ta. A 1971 Leonard Mestas da Andre Guerrero suka ɓalle suka kafa Juárez-Lincoln, da sunan shugaban Meksiko Benito Juárez da shugaban Amurka Abraham Lincoln. Ta fara a Fort Worth, a 1972 ta koma Austin ta raɓu a harabar Jami'ar St. Edward's, sannan a 1975 ta samu gininta a bakin unguwar gabashin birnin, inda 'yan asalin Meksiko suka fi yawa. Ita ma da Antioch ta jingina. Ta riƙe wata cibiyar tattara bayanai kan leburori 'yan ci-rani da kuɗin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Jacinto Treviño ta mutu a tsakiyar shekarun 1970. Juárez-Lincoln ta kai 1979, lokacin da Antioch, wadda ita kanta ta shiga matsin kuɗi, ta janye hannunta. Ƙungiyoyin unguwa suka ci gaba da amfani da ginin, wanda mai zane Raúl Valdez ya ƙawata bangonsa da wani babban zane, har 1983 da aka rushe shi mutane na tsaye suna kallo suna ihun rashin yarda.

Kalifoniya: makarantar da aka samu ta hanyar haura katanga

Labarin D-Q University daban ne, domin haɗin gwiwa ce tsakanin 'yan Chicano da ƙabilun asali na Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. A kusa da garin Davis akwai wani tsohon sansanin sadarwa na soja, fili mai faɗin sama da eka 600, da gwamnati ta daina amfani da shi. Wasu malamai 'yan ƙabilun asali, su Jack Forbes da David Risling, suka nemi a ba su don kafa jami'a. Jami'ar Kalifoniya ta Davis ita ma ta nema, kuma alamu suka nuna ita za a ba. A watan Nuwamba 1970 matasa daga ɓangarorin biyu suka haura shingen suka kafa tantuna suka ƙi fita. Jami'ar ta janye buƙatarta, a 1971 aka miƙa filin aka fara karatu.

Harafin D na sunan mai sulhun da ya haɗa kan ƙabilun Iroquois ne, Q kuma na Quetzalcoatl ne na mutanen Aztec, kowane ɓangare da gwarzonsa. Makarantar ta samu cikakkiyar amincewar hukumar tantancewa a 1977 a matsayin kwalejin shekara biyu, kuma Dennis Banks, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar fafutukar ƙabilun asali ta AIM, ya taɓa riƙe muƙamin shugabanci a cikinta. Sai dai auren bai yi ƙarko ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ɓangaren Chicano ya ja baya, ta koma kwalejin ƙabilun asali. A haka ta fi sauran daɗewa nesa ba kusa ba, har 2005 da aka janye mata amincewa saboda matsalolin kuɗi da shugabanci. A can kwarin tsakiyar Kalifoniya, wajen Fresno, an yi wata mai suna Universidad de Aztlán, ita ma ba ta yi tsawon rai ba.

Oregon: Colegio César Chávez

Wadda ta fi kusa da cika burin, ta zama cikakkiyar kwalejin shekara huɗu mai harabarta da shugabanninta, ba a Texas ko Kalifoniya aka yi ta ba. A can arewa maso yamma aka yi ta, a wani ƙaramin gari mai suna Mount Angel a jihar Oregon, garin da Jamusawa 'yan Katolika suka kafa. Kwarin Willamette wuri ne na noma, kuma shekara da shekaru iyalai 'yan ci-rani daga Texas ke zuwa aikin girbi, har wasu suka zauna dindindin a garuruwa irin su Woodburn.

A garin akwai wata kwaleji, Mount Angel College, ta sistoci 'yan ɗariƙar Benedict. A farkon shekarun 1970 ta durƙushe: ɗalibai sun ragu, an janye mata amincewa, ga bashin kusan dala miliyan ɗaya da ta ci daga ma'aikatar gidaje da raya birane ta tarayya don yin gine-gine. Cikin ma'aikatan da suka rage akwai Sonny Montes, wanda shi kansa ɗan ci-rani ne daga kudancin Texas, da Ernesto López. Su da José Romero da wasu suka ga dama a inda kowa ke ganin kango. Ranar 12 ga Disamba 1973, ranar bikin Budurwar Guadalupe mai girma a wurin Katolikan Meksiko, aka sauya wa makarantar suna zuwa Colegio César Chávez, don girmama jagoran ƙungiyar leburorin gona wadda shi da Dolores Huerta suka kafa a 1962. Chávez na raye a lokacin, kuma ya ziyarci makarantar da kansa.

Yadda suke koyarwa shi ne abin da ya fi jan hankali. Sun ɗauki tsarin da ake kira kwaleji marar bango, wanda wasu makarantun Amurka ke gwadawa a lokacin. Ɗalibi ba dole sai ya zauna a aji daga safe zuwa yamma ba. Zai zauna da wani ƙaramin kwamiti na malamai da masu ba shi shawara su tsara abin da zai koya da yadda za a auna shi. Aikin da yake yi a cikin al'umma, a asibitin 'yan ci-rani ne ko a makarantar yara ko a ƙungiyar ma'aikata, ana lissafa shi cikin karatu. Ilimin da mutum ya tara a rayuwa kafin ya zo, idan ya iya rubuta shi ya kare shi, ana ba shi maki a kai. Ana karatu da Ingilishi da Sifaniyanci. Kuma suna kiran kansu familia, wato ɗalibai da malamai da ma'aikata duk suna da baki a shawarar tafiyar da makarantar. Tunanin malamin nan ɗan Brazil, Paulo Freire, wanda littafinsa kan ilmantar da waɗanda ake zalunta ya fito da Ingilishi a 1970, ya yi tasiri ƙwarai a irin waɗannan makarantu: ɗalibi ba randa ba ce da malami zai cika, yana zuwa ne da nasa sanin.

Ga matar da ta haura shekara talatin, da 'ya'ya, da aikin yi, wadda ta bar makaranta tun tana yarinya don bin iyayenta gona, wannan ce kaɗai hanyar digiri da ta dace da rayuwarta. A 1977 kwalejin ta yaye ɗalibai 22, adadin da ya zarce na dukan 'yan Chicano da manyan jami'o'in jihar biyu, Jami'ar Oregon da Jami'ar Jihar Oregon, suka yaye a wannan shekarar idan aka haɗa su. Ku dubi wannan da kyau. Ƙaramar makaranta mai fama da bashi ta fi jami'o'i biyu masu dubban ɗalibai da kuɗin gwamnati. Wannan adadi ya fi tona asirin manyan jami'o'in fiye da yadda ya yabi ƙaramar.

Amma tun ranar farko da bashin wasu suka tashi. Da suka gaji ginin, sun gaji rigimar da ke kansa. Ma'aikatar gidaje ta nemi ta karɓe harabar ta fitar da su. Aka yi shekaru ana kai ruwa rana, kotu, zanga-zanga, zaman dirshan a cikin gine-ginen, har sai ƙarshen shekarun 1970 aka sasanta suka riƙe wurin. Ƙarfin da ya kamata a sa a ɗakin karatu da ɗaukar malamai ya tafi a wajen lauyoyi. Hukumar tantance makarantu ta yankin ta ba su matsayin 'yan jiran amincewa a 1975, amma cikakkiyar amincewar ba ta taɓa zuwa ba, kuma a 1981 aka janye matsayin. Rikicin shugabanci ya ƙaru, ɗalibai suka watse. A 1983 aka rufe.

Me ya kashe su?

Wasu na son su ɗora laifin duka a kan rigimar cikin gida, su ce 'yan gwagwarmaya sun iya zanga-zanga amma ba su iya riƙe ofis ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An yi saɓani a Mercedes, an yi a Davis, an yi a Mount Angel, kuma tsarin da kowa ke da baki a kowace shawara yana da daɗin faɗi amma yana da wuyar tafiyarwa idan albashi ya makara. Sai dai ni ban ga wannan ne babban dalili ba. Manyan jami'o'i ma ana rigima a cikinsu kullum, ba sa mutuwa, domin suna da abin da ke riƙe su.

Babban tarkon shi ne tantancewa. A Najeriya hukumar NUC ta gwamnati ce ke amincewa da jami'o'i. A Amurka kuwa a wancan lokacin ƙungiyoyi ne masu zaman kansu na yanki-yanki, waɗanda tsofaffin jami'o'i ke da rinjaye a cikinsu. Idan ba su amince da makaranta ba, ko aƙalla su sa ta a layin jira, ɗalibanta ba za su samu tallafi da rancen karatu na gwamnatin tarayya ba. Su kuma ba za su amince ba sai sun ga kuɗi a asusu, da ɗakin karatu cike da littattafai, da malamai na dindindin. Makarantar da ɗalibanta 'ya'yan leburorin gona ne, ina za ta samu kuɗin idan ba ta wannan tallafin ba? Ba kuɗi sai da amincewa, ba amincewa sai da kuɗi. Waɗanda suka kauce wa tarkon ta hanyar jingina da Antioch kuwa, sun gane cewa kayan aro ba ya rufe katara: ranar da mai shi ya buƙaci abinsa, shi ke nan.

Sauran kuɗin da suke samu na ɗan lokaci ne, daga shirye-shiryen yaƙi da talauci na gwamnati da gidauniyoyi da coci-coci, shekara ɗaya ko biyu sai a sake nema. Da guguwar shekarun 1960 ta lafa, masu bayarwa suka juya wani wajen, kuma hawan Ronald Reagan mulki a 1981 ya zo da zaftare irin waɗannan kuɗaɗe. Ga abin takaici: makarantun da aka kafa don al'umma ta tsaya da ƙafarta, rayuwarsu ta rataya ne a wuyan hukumomin da suke ƙalubalanta.

Kwatanta su da maƙwabtansu zai ƙara fito da abin fili. Jami'o'in baƙaƙen fata, irin su Howard da aka kafa a 1867, sun yi shekara ɗari suna tara filaye da tsofaffin ɗalibai da goyon bayan coci, kuma dokar Morrill ta biyu ta 1890 ta tanadar wa wasunsu kuɗin gwamnati. Ƙabilun asali sun fara da kwalejin Navajo a 1968, kusan lokaci ɗaya da 'yan Chicano, amma su suna da gwamnatocin ƙabila da doka ta san da su, da filayensu, kuma a 1978 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ke ba kwalejojinsu kuɗi a kai a kai. Shi ya sa fiye da talatin daga cikinsu ke aiki har yau. 'Yan Chicano ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan: ba tsohuwar dukiya, ba ƙasa ta kansu, ba doka.

Akwai kuma wani dalili da ba a son faɗa. Nasarar kashi na farko ta rage wa kashi na biyu kasuwa. Da manyan jami'o'i suka fara buɗe ƙofa, suka kafa sassan nazarin Chicano, suka ba da tallafi, yaro mai ƙoƙari da iyayensa suka sha wahala a kansa zai zaɓi digirin da kowane mai ɗaukar aiki ya sani. Ba wanda zai ga laifinsa.

Abin da ya rage

Mutanen da suka ratsa ta waɗannan makarantu ba su ɓace ba. Cipriano Ferrel, wanda ya yi karatu a Colegio César Chávez, yana cikin waɗanda suka kafa PCUN a 1985, ƙungiyar leburorin gona da masu dashen itatuwa ta Oregon, wadda har yanzu take da hedikwata a Woodburn. Malaman da aka yaye a Texas sun shiga makarantun gwamnati a daidai lokacin da dokar koyarwa da harsuna biyu ta 1968 ta sa ake neman irinsu ruwa a jallo. Ba da maki kan ilimin da mutum ya samu a wurin aiki, da tsara karatu don manya masu iyali, abubuwan da aka yi wa kallon wasa a lokacin, yanzu jami'o'i da yawa na yin su ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

An sake gwadawa. A 1981 Roberto Cruz ya kafa National Hispanic University a Oakland, yana koyi da jami'o'in baƙaƙen fata, daga baya ta koma San Jose. Ta samu amincewa, amma kuɗi ya ci gaba da zama matsala. A 2010 kamfanin Laureate mai neman riba ya saye ta, a 2015 aka rufe. Escuela Tlatelolco ta Denver ta kai 2017. Hanyar canza jami'o'i daga ciki ma ba ta zo da sauƙi ba: a 1993 sai da ɗalibai da wani malami suka yi yajin cin abinci na mako biyu a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles kafin a ɗaga darajar nazarin Chicano a can, kuma a 2010 jihar Arizona ta yi dokar da ta kai ga rufe irin wannan darasi a makarantun Tucson, har sai 2017 da alƙalin tarayya ya yanke cewa ƙiyayyar launin fata ce ta haifar da dokar.

Abin da Amurka ta amince da shi a ƙarshe wani abu ne daban da wanda su Montes suka nema. A 1992 doka ta ƙirƙiro rukunin makarantun da ake ce suna hidima ga masu tushen Latin Amurka: duk kwaleji ko jami'ar da aƙalla kashi 25 cikin 100 na ɗalibanta na digirin farko daga wannan al'umma suke, dokar ta ba ta damar shiga rukunin ta nemi tallafi na musamman. Irin waɗannan makarantu yanzu sun haura 500, kuma sun yaye ɗalibai ninkin ba ninkin abin da ƙananan kwalejojin can suka taɓa mafarki. Amma dokar kawunan ɗalibai take ƙirgawa. Ba ta tambayar wa ke shugabanci, wa ke tsara manhaja, ko wa ya mallaki filin, kuma waɗannan tambayoyi uku ne suka sa aka kafa makarantun Mercedes da Davis da Mount Angel tun farko.